Hotunan da Na Jera Daga Dama

Ranaku da yawa sun zube daga kaina kamar gero daga ɓulallen buhu, amma wannan ɗaya, ina jin ba zan manta da ita ba har a kai ni makwancina.

A ƙarshen shekarun tamanin ne. Ina zaune a Kafanchan, ina ɗan tireda kusa da tashar jirgin ƙasa, ina kuma rubuta wa mutane wasiƙa da ajami. Maƙwabcina ma'aikacin lafiya ne, mutumin Kwoi, Kirista, mai waƙa a cocinsu. Ba likita ba ne, amma Likita muke ce masa, shi kuma Malam yake ce mini. Zukata ba su gama hucewa daga rikicin addinin da aka yi a garin ba a wancan lokaci, amma katangar da ke tsakaninmu gajeruwa ce, kwanon tuwo yana tsallake ta safe da yamma.

Wata rana ya shigo da wani akwati, ya buɗe. Majigi ne ƙarami, irin wanda ake zura masa hotuna ɗaya bayan ɗaya yana haska su a bango. Ya ce gudawa tana kwashe yara a ƙauyukan bayan Kwoi, an tura shi ya koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari, amma bakinsa ya gaji, ba mai saurara.

"Malam, hannunka mai yin zayyana a allo nake so," in ji shi. "Ka zana mini yaro a kan 'yan gilasan nan, kowane zane ya ɗan bambanta da na bayansa. In na riƙa canja su da sauri, za a ga kamar yaron yana motsi."

Na ce sai na yi shawara, don zanen mai rai ba sana'ata ba ce. Sai da na tambayi malamina, ya ce in dai ceton rai ne in yi, amma kada in sa fuska. Kwana tara ina kai. Na zana yaro kwance ya rame, uwa tana dama ruwa a kwalba, tana ba shi da cokali, ya ɗaga kai, ya zauna, ya miƙe, ya ruga yana bin kaza. Gilashi ashirin da huɗu. Na jera su a kan tabarma bi da bi, na kira shi ya kwashe. Ba mu gwada ba, don makon nan ba wuta, man janareta kuwa na nuni ɗaya ne kawai.

Ranar kasuwa muka hau babur ɗinsa zuwa ɗaya daga cikin ƙauyukan, ni a baya rungume da janareta. Mai unguwa ya ba mu wani siton citta, aka toshe tagoginsa da buhuna bayan la'asar. Har yau in na ji ƙamshin busasshiyar citta, wannan ɗakin nake gani. Mata suka cika shi, maza suka tsaya a ƙofa. A gaba akwai wata matashiya da ɗanta a cinya, idanunsa sun faɗa, kwana biyu yana gudawa. Tun a waje Likita ya lallashe ta ta ba yaron ruwan gishiri da sukari, ta ce sai ta gani tukuna.

Janareta ya tashi, haske ya faɗa bango. Likita ya soma danna majigi, ƙaras, ƙaras, ƙaras, yana kallon jama'a yana bayani, bai waiga ba. Ni kuwa bango nake kallo. Ga yaro lafiyayye yana wasa da kaza. Ya tsaya. Ya zauna. Uwa ta kai masa cokali baki. Ya kwanta, ya rame, bai sake motsi ba.

Wani tsoho a bakin ƙofa ya ce, "To, mun gode da kun nuna mana tun da wuri."

Matar nan ta saɓa ɗanta ta miƙe. "Ni ba zan ba yarona wannan ruwa ba," in ji ta. "Ai na gani da idona."

Likita ya dube ni, gumi yana sauka masa. "Malam, yadda ka jera na ɗauka, ɗaya bayan ɗaya."

"Daga ina ka fara?"

"Daga farko mana." Ya nuna hagu.

Nan na gane. Ni da na tashi da allo da tawada, farkon kowane abu a wurina dama ne. Shi da ya tashi da boko, farko hagu ne. Kowannenmu ya yi daidai, kuma mun taru mun kashe yaro a bango.

Ban san sanda na tare ƙofa ba. Na ce, "'Yar'uwa, don girman Allah ki dakata. Laifin nawa ne, ba na ruwan ba." Na ciro wata wasiƙar ajami da ke aljihuna, na nuna musu yadda alƙalamina yake tafiya, na sa Likita ya nuna nasa. Wata dattijuwa ta yi dariya ta ce, "Ashe ku biyu kun ba juna baya ne kuna tafiya."

Muka juya gilasan. Kafin Likita ya danna, na dama ruwan a gabansu, na yi bisimilla na shanye rabin kwalba. Tsohon nan ya ce, "A bar Malam ya zauna a nan, mu ga ko zai kwanta."

Wannan karon yaron bango ya ɗaga kai, ya zauna, ya miƙe. Yana fara bin kaza mai ya ƙare, janareta ya yi tari ya mutu. A cikin duhun nan na ji muryar matar, ƙasa-ƙasa: "Likita, ina cokalin?"

Ba mu bar ƙauyen ba sai da yaron ya sha, ya kuma riƙe abin da ya sha. Bayan mako biyu matar nan ta aiko mana da kaza ta hannun wani direba. Likita ya ce tawa ce, ni na zana ta. Na ce tasa ce, shi ya sa ta gudu. A ƙarshe ni na yanka, matarsa ta dafa.

Likita ya rasu da daɗewa, gilasan kuma suna nan a akwatina, na ɗaure su da zare. Jikokina yanzu suna motsa hoto a waya da ɗan yatsa, suna mamakin abin da nake adanawa. Abin da na koya a siton nan shi ne, mutum biyu za su iya haɗa niyya ɗaya mai kyau su ɓata aiki, don kawai kowa ya ɗauka inda yake farawa nan duniya take farawa. Tun daga ranar, ban ƙara miƙa wa mutum aiki ba sai na tambaye shi: kai daga wane gefe kake somawa?