Na Hana 'Yata Fita Shan Ruwa

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a Gagarawa, kuma kowa ya san ni da tsanani. 'Yata ta fari, mai shekara tara, tana ajina, ni kuwa na ci alwashin ba wanda zai ce ina fifita ta.

Bayan hutun ƙaramar salla sai ta canza. Kafin a fita tara za ta ɗaga hannu sau uku, yanzu fitsari, an jima ƙishirwa. Na ce wasa take nema, na hana ta fita. Ranar da fitsari ya kuɓuce mata a kan benci yara suka yi ta dariya, ni kuma na ƙara mata da bulala a gabansu. Ga ci kamar me, amma kullum ramewa take, har siket ɗin makaranta ya daina zama a ƙugunta. Kakarta ta ce yarinyar nan ba lafiya ba, a kai ta a duba. Na ce tsayi take yi. Da kasala ta kama ta, sai na riƙa zuba mata sukari da yawa a kunu wai don ta yi ƙarfi.

Wata Laraba da hantsi ta fara amai da ciwon ciki, na sayo maganin zazzaɓi a kemis. Kafin la'asar tana jan numfashi da ƙarfi kamar wadda ta sha gudu, bakinta na warin ruɓaɓɓen mangwaro, ina kiranta ba ta amsawa. A asibiti a Gumel likita ya gwada jininta, ya ce ciwon suga ne, ya daɗe yana cin ta har jinin ya gurɓace. Ya tambaye ni ko ba ta yawan shan ruwa da fitsari. Na ce masa tana yi. Wallahi ban taɓa sanin yara na kamuwa da shi ba.

Kwana biyu ana yi mata ƙarin ruwa da allurar insulin ta masu ciwon suga kafin ta farfaɗo. Da nas ta yi mata bayanin ciwon, sai ta juyo a hankali ta tambaye ni ko yanzu na yarda ba da gangan take yi ba.

Tana nan da ranta, alhamdu lillahi, kullum da allura. Ta ce ta yafe mini, ni ce na kasa yafe wa kaina. Iyaye da malamai, in yaro ya dame ku da ƙishirwa da fitsari yana ramewa, ku kai shi a gwada jininsa a ranar. Ku ajiye bulalar, don Allah.