Daminar da Aka Sauya wa Tagogin Yaya Hauwa Suna

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Hauwa, amma rashinta bai taɓa danne ni kamar a daminar bana ba.

Ni ne mai kula da sito a wani kamfanin taki da iri a nan Wudil. Yaya Hauwa ce ta samo mini aikin, ita ce kuma take kula da babbar manhajar da kamfanin yake tafiya a kanta. Ko buhu ɗaya ba ya fita sai kwamfuta ta ba da izini. Bayanan kamfanin duk a rumbu guda suke, amma ba a shigarsa kai tsaye. Akwai kafofin da ta tsara, kowacce tana nuna wa ma'aikaci abin da ya shafe shi kaɗai. Tagogi take ce musu, kuma da Hausa ta raɗa musu suna: tagar Darki da tagar Achika, wato garuruwan da muke kai wa kaya, sai kuma tagar sito. Da na yi mata dariya a kan haka, sai ta ce, "Kai Nura, kwamfutar ce za ta ji kunyar Hausa ko kai?"

Ba ta yi doguwar jinya ba Allah ya karɓi abarsa. Aikinta kuwa ya ci gaba da tafiya shiru, har sababbin ma'aikata ba su san an taɓa yin ta ba.

A bana kamfaninmu ya haɗe da wani babba na Kano, aka ce dole sunayen komai su zo ɗaya da nasu. Aka turo Injiniya Kabiru, mutum mai natsuwa da sanin aikinsa, ya sauya wa tagogin suna. Washegari aka tashi da ruwa mai albarka, manoma suka cika harabarmu. Na danna in fitar da kaya, allo ya ce abin da nake kira babu shi, domin manhajar tsohon sunan tagar take nema.

Kabiru ya mayar wa tagar sito tsohon sunanta, sai ta Darki ta tsaya, domin ashe wata a kan wata take jingine. Ya lallaɓa wannan, sai izinin shigar ma'aikata ya ɓace. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na ga gumi yana tsattsafo masa, ya dube ni ya ce, "Malam Nura, yayarka ba ta taɓa faɗa maka yadda ta haɗa su ba?" Na girgiza kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai ɗakin kuwa tana ƙasa. Na roƙi manaja ya bar ni in ba da kayan da hannu, ya ce Kano sun hana. Ga taki jibge a bayana, ga makulli a aljihuna, ga masu buƙata a gabana.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga wannan rana. Ba na jin za ta yi faɗa. Ina ganin kujera za ta jawo kusa da Kabiru, ta ce su fara bin sawun duk wani sashe na manhajar da yake kiran sunan nan kafin a taɓa shi. Amma hasashe ne kawai. Na zauna kusa da ita tsawon shekaru, ban ɗauki komai ba sai yadda take gyara tabarau idan abu ya cushe.

Da rana ta yi, wani dattijo daga Darki ya matso ya ce, "Ɗana, ina baiwar Allahn nan mai fara'a? Ku kira ta mana." Na ce, "Baba, ai ta riga mu gidan gaskiya." Ya yi salati, ya ɗaga hannu ya daɗe yana yi mata addu'a. Sannan ya hau bayan babur ya tafi, ba ko buhu ɗaya.

Sai da shuka ta fara wuce lokacin taki kafin abin ya ɗan daidaita. Yanzu an yanke shawarar rushe tagogin gaba ɗaya a gina sababbi, kuma ba ni da ta cewa. Nan gaba kaɗan babu abin da zai rage na hannunta a kamfanin. Abin da ya rage mata shi ne gonakin da suka sami taki a kan kari duk shekarun nan, da mutanen da suka ci daga cikinsu ba tare da sun san sunanta ba. Wannan kam babu injiniyan da zai goge shi. Allah ya jiƙan Yaya Hauwa, ya haskaka kabarinta.