Aljihun Da Taubashina Ya Ɗinka

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai rufa asirin bayinsa. Ya mai gyaran jarida, ga labarina na rubuto da ajami, don shi na koya. Ku juya shi yadda masu karatu za su gane. Sunana da na kowa na bar su a cikina.

A shekarar da Nasara suka bi daji suna kafa turakun iyaka tsakanin ƙasar Ingilishi da ta Faransi, har gonar mutum ɗaya ta wayi gari rabi nan rabi can, ina matashi mai jini a jika, ban daɗe da aure ba. Fatauci nake yi tsakanin Illela da Ƙonni da garuruwan bayanta, in kai goro da tufafi, in komo da kanwa da dabino. Na sauke Alƙur'ani, na taɓa littattafai kaɗan, saboda haka ina ganin kaina mai hankali. Hanya a lokacin ba ta da daɗi. An taɓa tare ayarinmu, aka sari abokin tafiyata a kafaɗa ina kallo, ba abin da na iya. Shi ya sa ranar da wani tsohon sojan Faransi ya ja ni bayan rumfa a Ƙonni ya nuna mini libarba, ƴar bindigar nan ta hannu, ban yi dogon ciniki ba. Na san Nasara sun hana riƙe irinta, can da nan duka. Na ce a raina ai riga za ta rufe.

Mutumin bai cuce ni ba. Ya haɗa mini da kubenta na ƙirgi mai tauri, wanda ya rufe kunamar bindigar ruf, har yatsa ba ya samun hanyar shiga. Ya ce kada in raba ta da kuben nan ko da wasa, kada kuma in haɗa ta wuri ɗaya da wani abu, ko da allura ce. Ya nuna mini gidajen harsashi, ya ce in bar wanda ke daidai bakin bindigar fanko. Ya maimaita har na gaji, na ce masa ni ba yaro ba ne. Ya dube ni, ya ce duk waɗanda ya binne haka suka ce.

Kuben nan ya dame ni. In na rataya shi ƙarƙashin riga yana tokarin haƙarƙarina, in na yi ruku'u sai ya turo riga kamar na ɓoye muciya. Kullum gabana na faɗuwa kada dogari ya lura. Na kai wa wani baduku ya rage shi, ya juya shi, ya ce in an yanke wurin da nake so ai ba sauran kube, ya miƙo mini abina. Na yi fushi, na koma gida na sa aska na datse shi da kaina, na bar ɗan abin da ya rufe hancin bindigar kawai. Ya kwanta lif, amma ya daina zama a rataye. Sai na ce bari in mayar da ita aljihun babbar riga. Da aka sake jin labarin ƴan fashi a hanya kuma, na cika gidan nan da aka ce in bari fanko. Babu ranar da na zauna na ce yau zan yi wauta. Kowane mataki da hujjarsa na yi shi.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, tare muka tashi. Maɗinki ne, a aikin wuyan riga ba wanda ya kama ƙafarsa a unguwarmu. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, ba a taɓa raba gardamar ba. Ba ya gaishe ni sai da zagi. In ya gan ni cikin mutane sai ya tambaye su ko wa ya kwance wanga jaki, sannan ya zura hannu aljihuna ya kwashe goro, ya ba mutane sadaka da sunansa. Haka al'ada ta ba shi, ni ma ina yi masa. Shi na kai wa sabuwar rigata, na ce ya zurfafa aljihun, ya ninka shi. Ya tambaye ni mi zan zuba, ko tuwo zan riƙa sata a gidajen suna. Na yi dariya, ban gaya masa ba. Ya yi aikin, ya ƙi karɓar lada, ya ce tunda shi ya ɗinka aljihun, duk abin da ya shiga ciki nasa ne.

Wata safiya ta sanyi na komo daga tafiya, ina zaure ina jin ɗumin kaskon wuta. Ban cire bindigar ba. Da na idar da lazimi, na jefa carbina cikin aljihun tare da ƴan goro, yadda hannu ya saba. A ƙofar zaure akwai jakadan hakimi da ya zo sayen goro, yana ɗaure dokinsa. Sai ga taubashina ya shigo ta cikin gida, ya lallaɓo ta bayana, ya zura hannun dama cikin aljihun, ya tallabo gindinsa ta waje da hagu don kada in zame. Na cafke wuyan hannunsa. A nan ne inda har yau nake cizon yatsa. Kalma ɗaya ta isa, in ce masa bindiga ce. Amma jakada na jin mu, sai na yi gum, na shiga kokawa da shi. Shi kuwa ya zaci farin goro nake rowa, ya ce yau sai ya ga abin da bawa ke ɓoye wa ubangidansa, ya kama carbin ya fizga da ƙarfi. Ashe zaren ya naɗe kunama.

Ban ji ƙarar kamar ƙara ba, kamar an mare ni na ji. Hayaƙi ya cika zaure. Harsashin ya fita ta gindin aljihu, ya tafi da babban yatsansa na hagu da manuni. Kafin jakada ya faɗo, taubashina ya faɗa jikina, ya dunƙule hannun cikin rigata har ya rufe wurin da ya ƙone. Jakada ya tambayi mi ya faru. Taubashina, da jini na zuba, ya ce ɗan tandun albarushi ne wani maharbi ya ba shi ajiya, ya matsa da shi kusa da kasko, ya fashe a hannunsa. Jakada ya yi salati, ya ce bai taɓa ganin wauta irin wannan ba. Aka kira wanzami. Ya duba ciwon, ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa. Ranar na jefa bindigar da guntun kubenta cikin wata matacciyar rijiya.

Hannun ya warke, sana'ar ba ta warke ba. Mai aikin wuyan riga da hagu yake matse ƙyalle, da yatsun nan biyu. Ya gwada, ɗinkin ya riƙa karkacewa, masu kawo aiki suka janye. Ya kwashe iyalinsa ya koma noma a ƙauyen Lafani. Na je wurin malaminmu na tambayi hukuncin yatsa a shari'a kamar ina tambaya don wani, na kora shanun diyya na kai wa taubashina. Ya koro su har ƙofar gidana. Ya ce shi ya yafe, duniya da lahira, ƙaddara ce.

To, wannan yafiyar ce ta zame mini azaba. Daga ranar bai ƙara zagina ba. In mun haɗu sai ya rusuna, ya ce Malam an kwana lafiya, ya iyali, ya hanya. Ni, Malam! Mutumin da bai taɓa kirana da abin da ya fi jaki daraja ba. Na riƙa cika aljihu da goro ina gilmawa gabansa ranar kasuwa, ina buɗe ƙirji, ko kallo bai yi ba. Na tsokane shi cikin mutane, na ce ga bawana ya tsufa bai fanshi kansa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya huci zuciyar Malam. Ni ne na ji kunya. Na aika masa hatsi, ya aiko da godiya da kaza. Na yi azumi, na yi sadaka, na roƙi gwaggo ta sa baki, ta ce ita ba ta ga faɗa ba balle ta raba. Wani lokaci haushi ya kan cika ni har in ce a raina mi kuma yake so, in yanke nawa in ba shi? Da ya kai ni ƙara, ko ya fasa mini kai, da na sami sauƙi. Haka muka yi ta yi har ƴaƴanmu suka isa aure.

Wanzamin nan ne ya buɗe mini ido. Yana yi mini aski ina kai masa kukan taurin kan taubashina, sai ya tsayar da aska a tsakar kaina. Ya ce shi ya ga ƙunar albarushi, ya ga ramin harsashi, ya san bambancinsu tun ranar. Ya ce in daina zancen yatsu. Ya tambaye ni ko na san sunan da ake kiran mutumin nan da shi yanzu. Na sani. Mai Albarushi ake ce masa, daga Illela har Lafani. In yaro ya yi shirme, sai a ce kada ka yi irin ta Mai Albarushi. Wanzami ya ce: «Ya ɗinka maka aljihu ba ka gaya mishi ba. Ya sa hannu ba ka gaya mishi ba. Ya yi ƙarya don kai, gari na yi mishi dariya, kai kana nan ana ce maka Malam. Kuma shanu ka kai? Sunkuyo in ƙare, kai dai ba ka da kai sai na aski.»

Ban yi barcin kirki ba bayan wannan, amma tsoro bai sake ni nan da nan ba. Sai da aka yi sunan jikan taubashina a Lafani. An taru, mai gari na zaune, ana shirin gasa rago, wani ya ɗaga murya ya ce a janye Mai Albarushi daga bakin wuta kada a rasa ragon da gidan duka. Aka fashe da dariya. Na dubi taubashina, yana murmushi, ya tura hannun hagu cikin riga. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce jama'a su saurara, babu wani albarushi, ba a taɓa yi ba. Na faɗi bindigar, na faɗi kuben da na datse, na faɗi yadda na riƙe bakina don tsoron jakada na bar hannun ɗan'uwana ya salwanta. Na ce in akwai wawa a zancen nan, ga shi tsaye. Mai gari ya ce tunda na faɗa a gabansa, dole ya kai gaba. Aka tsare ni kwanaki, aka ci ni tara mai zafi, aka sake ni don bindigar ta daɗe a ƙarƙashin ƙasa. Taubashina bai leƙo ni ba ko sau ɗaya.

Ga abin da nake so masu karatu su ɗauka, musamman matafiya. In hukuma ta hana, ku bari. In kuma an ba mutum izini, to kube mai tauri wanda ya rufe kunama ba ado ba ne, kada ya rage shi don jin daɗin haƙarƙari. Kada ya haɗa ta da carbi ko goro ko mabuɗi. Aljihun riga ba wurinta ba ne, don aljihun Bahaushe ba nasa ne shi kaɗai ba: taubashi na shiga, jika na shiga, aboki na shiga. In ya komo gida ya cire harsashi kafin ya zauna. Wanda kuwa yake da ikon taɓa jikinka, gaya masa abin da kake ɗauke da shi. Ni na sayi bindiga don ƴan fashi, ba ta taɓa harbin ɗan fashi ba. Sau ɗaya ta tashi a jikina, kun ji wanda ta samu.

Ranar kasuwar da ta biyo bayan sakina, ina zaune a zaure, na tabbata na yi asarar dukiya da mutunci a banza. Sai na ji mutum a bayana. Hannu ya zuro cikin aljihuna, na hagu, mai yatsa uku, hannun da ba a karɓar abu da shi sai don wulaƙanci. Ya lalube, ya kwashe goron duka. Ya zagayo gabana ya ɓare ɗaya ya gutsura, ya yamutsa fuska.

Ya ce: «Wa ya kwance wanga jaki daga gidan yari? Shekara da shekaru ina jira, kuma goron ma busasshe.»

Ya zauna kusa da ni ya cinye, bai ba ni ko ɓari ba.