Sau Ɗaya Muka Buga Kofi a Filin Jidda

Shekara tara na yi ina buga wa ƙungiyar unguwarmu ta Jarwal ƙwallo, kuma a duk tsawon shekarun nan sau ɗaya tak ƙafata ta taka babban filin Jidda. A lokacin, wato shekarun da aka fara rushe gidajen gefen Harami don faɗaɗa shi, babban filin ba na kowa da kowa ba ne. Wasannin farko na gasar kofi kowa a garinsu yake bugawa. Sai ƙungiya ta tsallake zagaye biyu ko uku sannan a kira ta can, inda akwai katanga da ƙofa da bencinan katako na 'yan kallo. Manyan ƙungiyoyi kusan duk shekara suna zuwa. Mu kuwa a zagayen farko aka saba sallamar mu, mu koma gida mu jira baɗi.

Sana'ata ga-ruwa ce, abin da mutanen Makka suke kira sakka. Da asuba nake zuwa bazan, wato matattarar ruwan unguwa, in cika garwa biyu, in rataya su a bakin gora, in saɓa a kafaɗa. Gidaje bakwai nake kai wa ruwa, wasu hawa uku, wasu hawa huɗu, da matakala ƙunci da tsayi. Wannan hawa da saukar su suka gina mini ƙafa. Bayan la'asar, idan na ajiye gora, sai in ji jikina sakayau kamar zan tashi sama, in nufi filinmu da ke bayan unguwa. Fili ne na tsakuwa da rairayi, da sanduna biyu a kowane gefe. Ba takalmi nake bugawa. Tafin ƙafata ya yi kanta har ƙaya ba ta shiga.

A shekarar da nake ba da labari, Allah ya ba mu sa'a. Muka fitar da wata ƙungiya ta Misfala, sannan muka fitar da wata da ta zo daga Ɗa'ifa. Mai horar da mu wani Basudane ne, malamin ofis, mutum mai tsayi da ƙarancin magana. Ya tara mu a gahawar unguwa, inda muke shan shayi, ya ce wasa na gaba a Jidda za a yi, nan da kwana goma sha biyu. Aka kaure da ihu, har mai gahawa ya fito yana tambayar ko haihuwa aka yi. Da hayaniya ta lafa, sai mai horar da mu ya dube ni, ya dubi ƙafata.

"A can ba a shiga fili ba takalmi," in ji shi. "Alƙalin wasa yana duba ƙafar kowa. Ka nemi takalmi."

Sauran 'yan wasa suna da nasu. Ni ma na nema. Na gwada na abokan wasa, na gwada na kanti, babu wanda ya shige ni. Ƙafata faffaɗa ce, 'yan yatsun sun baje saboda ɗaukar kaya tun ina ƙarami. Wanda ya yi mini daidai a tsawo sai ya ƙi a faɗi. Kwana uku ina yawo, har na fara cire rai.

Inna, mahaifiyata, ita ta lura ba na cin abinci sosai. Da na faɗa mata dalili, ta ce, "Kai da kawunka baduku kake yawon neman takalmi a gari?"

Kawu wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da rumfa a Misfala inda yake ɗinka wa alhazai silifas da jakar guzuri. Shi ya riƙo hannun Inna suka baro Kano a ƙasa tun suna matasa, suka yi shekaru a Sudan suna aiki suna matsowa, kafin su tsallako teku. Ina jin nauyinsa ƙwarai, kuma na ɗauka zai yi mini faɗan cewa magidanci da ni ina bin ƙwallo. Na je na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye kafin in fito da maganar.

Bai yi faɗa ba. Ya ajiye basillar da ke hannunsa ya ce, "Mai ƙusoshi a ƙasa?"

Na ce, "Shi, Kawu. Ka san shi ne?"

Ya yi murmushi. "A bakin ruwa a Sudan na gyara wa Turawan jirgi irinsa ya fi a ƙirga. Ban dai taɓa ɗinka sabo ba. Taka nan."

Ya shimfiɗa takarda, na taka, ya zagaye ƙafata da gawayi. Da hantsi ne, ban daɗe da fara aiki ba. Kwana bakwai ya yi a kan takalmin. Ya zaɓi ƙirgi mai kauri ya yi ƙasan, ya yayyanka fata ƙanana ya jera su bisa juna ya buga su suka zama ƙusoshi. Ana gobe tafiya ya gama. Na sa a rumfarsa, na ɗan taka. Na ji ya matse ni ta wajen ƙaramin yatsa, amma da na ga yadda yake kallona, da idanunsa da suka yi ja saboda aiki, sai kunya ta hana ni faɗa.

"Ya yi?" ya tambaye ni.

"Ya yi, Kawu. Allah ya saka da alheri."

"To, ku ajiye mini wuri a motar. Zan je in ga yadda zai yi aiki."

Saura matsala ɗaya. Gidajena bakwai ba su san kofi ba, ruwa suka sani. Idan ban zo ba yini guda, ba girki, ba wanki, ba alwala. A bazan akwai wani abokin sana'ata, mutumin Damagaram, ya girme ni da kusan shekara goma. Ba ruwansa da ƙwallo, ko sau ɗaya bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Ina cikin sake-saken yadda zan roƙe shi, sai ya riga ni.

"An ce gobe za ku Jidda bin fata mai iska."

"Haka ne, Yaya."

"Faɗa mini gidajen."

Na ce masa ai nasa ma sun ishe shi. Ya ce bai tambaye ni wannan ba. Na lissafa masa su, har da gidan wata tsohuwa a hawa na huɗu wadda ba ta yarda a zuba mata ruwa sai an wanke randa tukuna. Ya gyaɗa kai, ya saɓi gorarsa ya tafi.

Washegari muka hau bayan babbar mota, mu da magoya bayanmu da ganga guda. Kawu ya zauna a kusurwa da jakar kayan aikinsa a cinya. An yi masa tayin gaba kusa da direba, ya ce a'a, yana son iska. Muka tsaya a Bahra muka yi azahar, muka ci gurasa da wake. Tun kafin mu ga gari muka ji iskar teku, mai nauyi, mai danshi, wadda ke manna wa mutum riga a jiki. Zafin Makka busasshe ne, mun saba da shi. Wannan daban ne.

Ban taɓa ganin taron da ya kai na ranar ba in ba a lokacin aikin hajji ba. Filin ba ciyawa, ƙasa ce mai gishiri-gishiri da aka daddaɓe ta yi sumul, an ja mata layi da farar ƙasa. Ga raga ta gaske a jikin sanduna, abin da ba mu da shi a Jarwal. Alƙalin wasa ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba ƙafa. Da ya zo kaina ya ɗan tsaya, ya ƙwanƙwasa ƙusoshin da yatsa, ya wuce.

Ni ɗan gefen dama ne, aikina gudu da kawo ƙwallo gaban raga. Minti goma da farawa na san akwai matsala. Ƙafata ta kumbura, takalmin ya kama ni kamar an ɗaure da igiya. Ƙwallo ta zo, in taɓa ta, ba na jin ta. Sau biyu aka ba ni a sarari na barar. Mutanen Jidda suka gane, suka fara yi mini ihu. A wancan zamanin ba a canjin ɗan wasa. Idan ka fita, 'yan uwanka su ƙarasa su goma. Don haka na cije, ina ɗingishi, ina jin wani abu mai ɗumi yana jiƙa mini safa. Kafin a tafi hutu sun zura mana biyu.

Muka zube a gindin katanga.  Sai ga Kawu ya ratso mutane da jakarsa. Mai gadin ƙofa ya so ya tare shi, ya ce masa da Larabcinsa mai ƙamshin Hausa shi ne likitan takalmi. Ya durƙusa a gabana, dattijo da furfura, ni ina zaune.

"Cire in gani."

Na cire da ƙyar. Ƙananan yatsuna duka biyu sun yi bororo sun fashe. Ya daɗe yana kallo.

"Tun jiya ka ji ya matse ka?"

Na sunkuyar da kai.

"Kai, ɗan nan. Kunyata ka ji ka bar ƙafarka ta lalace? Laifina ne ma. Da hantsi na auna ka, na manta ƙafa tana buɗewa da yamma."

Ya zaro wuƙarsa. Takalmin da ya kwana bakwai a kansa, ya tsaga shi ta gefe tun daga yatsa har kusan tsakiya, bai ko yi jinkiri ba. Ya huda ɓangarorin biyu da basilla, ya zura siririyar tsirkiyar fata ya saƙa su sako-sako yadda za su buɗe. Ya yagi bakin rawaninsa ya naɗe mini yatsun. Ya yi wa ɗaya takalmin haka. Kafin alƙali ya busa ya gama.

"Tashi ka taka."

Na taka. Da zafi, amma ƙafata ta samu wurin baje kanta. Na ji ƙasa a ƙarƙashina.

Abin da na buga a rabin nan na biyu shi ne mafi kyawun ƙwallon da na taɓa bugawa. Ɗan bayansu da ya raina ni a farko ya sha mamaki. Na wuce shi sau ɗaya, na sake wuce shi, a na uku na kai har kusa da layi na ɗago ƙwallo, ɗan gabanmu ya sa mata kai ta faɗa raga. Na ji gangarmu ta tashi. Na waiga, na hango Kawu tsaye a kan benci, rawani a warware, yana ɗaga jaka sama yana ihu. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Mun matsa musu har ƙarshe. Saura kaɗan a tashi na buga wata da ta daki sanda ta dawo. Aka tashi biyu da ɗaya, su suka wuce. Wasu daga cikinmu suka yi kuka. Ni ban yi ba. Na zauna a tsakiyar filin ina kallon bencina da katanga da hasken yamma, ina ce wa kaina in kalla da kyau in riƙe. Ashe kuwa na yi daidai, don ba mu sake komawa ba har na daina wasa.

Muna shirin hawa mota, sai ga ɗan bayan nan nasu da muka yi ta fafatawa. Ya miƙo mini hannu, sannan ya nuna takalmina ya tambayi inda na samo shi. Ya cire nasa ya nuna mana ƙafarsa, faffaɗa kamar tawa, duk tabo. Ashe ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa. Kawu ya sa shi ya taka bayan wani kwali, ya zagaye ƙafar a nan take. Daga shi maganar ta bazu. Har Kawu ya tsufa ya daina gani sosai, 'yan ƙwallo daga Makka da Jidda ba su daina zuwa rumfarsa ba, kuma ba ya auna kowa sai bayan la'asar.

Washegarin wasan, da gari ya waye, na ɗingisa zuwa bazan. Na tarar da mutumin Damagaram yana cika garwa. Ya sa tsumma a kafaɗa ƙarƙashin gora, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Gidaje goma sha biyar ya yi a yini ɗaya, nasa da nawa.

"Kun ci?"

"An cinye mu, Yaya."

Ya dubi ƙafata da ke naɗe. "A haka za ka hau bene?"

"Zan lallaɓa."

"Ɗauki na ƙasa-ƙasa. Bar mini masu hawa huɗu har ka warke. Tsohuwar nan ma ta ce na fi ka iya wanke randa."

Kwana biyar yana yi mini haka. Na yi masa godiya har ya gaji ya ce in na ƙara zai fasa. Shi da Kawu duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba na ɗaga hannu a Harami in sauke ban ambace su ba.

Bayan na warke, na matsa masa sai ya zo ya ga abin da ya sha wahala dominsa. Ya yi ta ƙi, ran nan dai ya biyo ni filin Jarwal. Ya tsaya a gefe, hannu a baya, yana kallonmu muna kai da kawowa. Bai fi minti goma ba ya yafito ni.

"Wannan ne ƙwallon?"

"Shi ne, Yaya."

"Gudu ba kaya a kafaɗa. Ai hutu kuke yi." Ya dafa ni. "Allah ya ba da sa'a baɗi."

Ya juya ya nufi masallaci.