Kat-san-kat a Filin Lahadi

Mahaifina direba ne. Ya yi shekaru yana jigilar fasinja tsakanin Damagaram da Maradi da wata farar mota irin wadda mutanenmu ke kira kat-san-kat. Bayan rasuwarsa aka sayar da ita. Ni kuma karatu ya kawo ni Faransa, aiki ya riƙe ni a Paris. Ina zaune a Montreuil, a gefen birnin, ba mata ba 'ya'ya. Ranakun aiki ba sa damuna, Lahadi ce ke yi mini tsawo.

Wata Lahadi ina yawo a ƙasa na iske filin ajiye motoci na wani babban kanti cike da tsofaffin motoci, an ɗaga murafan injinansu, jama'a na zagayawa. Can ƙarshen layi na hangi kat-san-kat. Na tsaya gabanta na kasa motsi. Mai ita, wani tsohon Bafaranshe mai farin gashin baki, ya zo ya tsaya kusa da ni.

"Ka san ta?" in ji shi.

"A bayanta na girma," na ce.

Shi ne shugaban taron, tsohon bakanike ne, matarsa ta rasu. Mushe nake kiransa, wato malam da Faransanci. Duk Lahadin farkon wata masu tsofaffin motocin suke haɗuwa. Da taimakonsa na samu tawa a wani ƙauye, shuɗiya, ta daɗe a rumfar wani manomi. Muka yi damina da rani muna gyara ta a garejinsa. Ba mai yawan magana ba ne, ni ma haka, sai ya zama zaman ya yi mana daɗi.

A shekarun farko filin kan cika har mutum ya rasa inda zai tsaya. Sannu a hankali ya fara ramewa. Wani ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da motar. Wani idonsa ya yi rauni ya daina tuƙi. Dokokin hayaƙi suka sa shiga birni da tsohuwar mota ya zama abin tunani. Matasa kuwa sai su ɗauki hoto da waya daga bakin titi su wuce. Har mai motar sayar da kafe, wato gahawa, ya daina zuwa, kowa ya koma kawo nasa daga gida.

Rannan muna zaune bakin motarsa, ana ɗan yayyafi, na ce masa, "Mushe, mun kewaye motocin nan da igiya kamar ɗakin mara lafiya. Me zai hana mu bari mutane su shiga su zauna?"

"Waɗanne mutane? Duba filin mana."

"Ni zan kawo nawa. Akwai 'yan ƙasarmu da yawa da suka yi tafiya a irin motata."

Ya ɗaga kafaɗa, ya ce in gwada.

Ranar Juma'a bayan masallaci na bi shagunan 'yan ƙasarmu a unguwar Barbès ina gayyata. Kowa ya yi murna, aka yi ta dariya ana tuna yadda ake cusa mutane har da akuya a baya. Kowa ya ce in sha Allahu. Na yi oda wajen wata Hajiya a unguwar Belleville ta soya mini fanke cike da roba, na dafa shayi a manyan filas.

Lahadin ta zo, muka kwance igiyoyin. Wasu daga cikin tsofaffin suka ɓata rai, ɗaya ma ya kulle motarsa ya sa makullin a aljihu. Na jira har rana ta take. Mutum ɗaya ne ya zo, wani Alhaji mai sayar da yadi, mutumin Maradi, cikin babbar riga da kwat a sama. Muka gaisa, ya tambayi gida da aiki, sannan ya zagaya motar yana shafa ta.

"Malam, in shiga?"

"Bismilla, Alhaji, don haka aka buɗe ta."

Bai zauna gaba ba, baya ya shiga ya matsa jikin taga. Can sai ya ce, "A irin wannan kujerar mahaifiyata ta rako ni tasha ranar da zan bar gida. Ban sake ganin ta ba." Ya fito, ya sha shayi, ya yi mini addu'a ya tafi. Fanken na raba wa tsofaffin, sauran na ci shi kwana da kwanaki.

Ban fasa ba. Na sake gayyata, wata Lahadi a zo mutum biyu, wata ba kowa. Kafin shekara ta zagayo tsohon bakaniken ya faɗi a garejinsa, ɓarin jikinsa ya shanye. 'Yarsa ta zo ta ɗauke shi zuwa garin Lyon. Da ba wanda ya yarda ya karɓi shugabancin, sai ya faɗo kaina.

Da bazara 'yar ta bugo mini waya. Ta ce akwai ɗan taron tsofaffin motoci a unguwarsu, mahaifinta yana son ganin shuɗiyar. Na kama hanya ni kaɗai, ina bin layin manyan motoci don ba ta da gudu.

Taron Lyon a dandalin wata kasuwa aka yi shi, kusa da kogi. Shi ma duk furfura ce. 'Yar ta turo shi a keken marasa lafiya, ya rame, bakinsa ya karkace. Ya nuna murfin inji da hannunsa mai lafiya, na ɗaga, na tayar da motar. Ya rufe ido yana saurare.

"Suna zuwa?" ya tambaya da ƙyar.

"Kaɗan-kaɗan, Mushe."

"Naka mutanen fa?"

"Suna da hidima da yawa."

Ya gyaɗa kai. Muka so mu shigar da shi ciki ya zauna, ni da 'yarsa muka gwada, jikinsa bai yarda ba. Sai ya ɗora tafin hannunsa a jikin motar yana jin rawar injin, har 'yar ta ce iska ta fara yi masa yawa.

A hanyar komawa na tsaya wani wurin hutawar matafiya na yi La'asar a kan ciyawa. Motoci na ta shiga da fita, iyalai na cin abinci a tebura. Na ciro waya ina so in ba wani labarin tafiyar, na bi sunayen har ƙasa, na mai da ita aljihu. Na jira injin ya huce, na ƙara masa ruwa, na ci gaba zuwa Paris.