Damin da Na Kwance

Ranar da aka gama girbin gero a gonarmu ta bayan Kanya Babba, shekarar da aka cire ni daga aji uku, na kwance dammuna huɗu da manya suka wuni suna ɗaurewa. Na zauna a inuwar gawo ina jera zangarniya ɗaya bayan ɗaya, wannan dama, wannan hagu. An yi ta kirana ban ji ba. Haka nake tun asali. Ba na shiga langa da yara, ƙarar injin niƙa kan sa in toshe kunne in yi ta jijjiga, gaisuwa kuma daga "ina kwana" sai ta maƙale mini. A makaranta malam ya ce kaina babu komai. A gida aka ce iska ce, har Baba ya yanke cewa da an zuba hatsi a rumbu zai kai ni wurin wani mai magani a Roni, inda ake sa wa irina mari a ƙafa.

Ranar nan Baba ya iso da igiyar damin a hannu, zai zabga mini. Kakata, Inna Dije, ta riga shi durƙusawa gaban abin da na jera. Ta ɗaga ta hagu, sai ga hanyar tsutsa ta zagaye ta. Ta ɗaga ta dama, tsaba cike har wuya. Ta ce wa Baba, "Malam, duba kafin ka daka. Yaron nan iri yake zaɓar maka." Baba ya ce mahaukaci bai san iri ba. Ta ce to a bar mata ni damina ɗaya. Ta rataye zaɓina a rufin ɗakinta inda hayaƙi ke bugunsa, da ruwa ya sauka ta sa aka shuka shi a kusurwar gona shi kaɗai. Da kaka ta zo, ko makaho ya shafa ya san inda kusurwar ta fara. Baba ya daɗe tsaye a wurin. Daga ranar ba a sake ambaton Roni a gidanmu ba.

Sai da na yi furfura wata likita a Kazaure ta gaya mini abin yana da suna, otizim, kuma ba ni kaɗai ba ne. Na ce ta makara, amma na gode. Yau daga Gwiwa da Babura ake hawo babur a zo neman irin gerona. Masu cewa ba na gaisuwa su ne ke jira a zaurena. Har yanzu wasu na tambaya ko na warke. Na gaji da amsawa: ban warke ba, don ba ciwo nake ba.

Gawon yana nan, Inna Dije ce babu. Duk yaro irina, abin da yake buƙata mutum ɗaya ne da zai durƙusa ya duba.