Alƙalancin Dada a Tafkin Marke

Ranar wata Asabar ce, bayan an gama yankan shinkafa a shekarar da yaƙin basasa ya ƙare, ni da abokina Bukar muka kaure da kokawa a bakin Tafkin Marke har muka faɗa cikin taɓo. Ina da shekara goma sha biyu a lokacin, shi kuma ya girme ni da 'yan watanni. Kifi biyu ne suka haɗa mu, suna kwance a kan ciyawa: tarwaɗata doguwa siririya kamar bulala, da karfasarsa gajera mai faɗi kamar faifai. Ni na ce tsawo ake dubawa, shi ya ce kauri. Yara kusan ashirin sun kewaye mu, rabi suna bayana, rabi suna bayansa, kowa na rantsuwa. Sai da wani dattijo mai jaki ya zo wucewa ya ɗaga mana sanda sannan muka saki juna, muka miƙe ba a gane fuskar kowa. Da muka waiwaya, shirwa ta riga ta sure karfasar ta yi sama da ita.

Ƙauyenmu yana tsakanin Haɗeja da Kirikasamma, a inda ruwan kogi ke fantsama cikin fadama da damina har sai an shiga kwalekwale kafin a je kasuwa. Idan ruwa ya ja baya, sai ya bar tafkuna nan da can, cike da kifi. Gidanmu Fulanin gida ne. Kakanninmu da shanu suka zo suka zauna, mahaifina yana noman shinkafa da gero, yana kuma da 'yan shanunsa a bayan gari. Shi kamun kifi a wurinmu sana'ar wasu ce. Gidan su Bukar kuwa masunta ne tun kaka da kakanni, tsakar gidansu kullum raga a shanye, hayaƙin banda na tashi. Benci ɗaya muke zama da shi a firamare, allunanmu kuma a jingine wuri ɗaya a zauren malam. Shi ya koya mini haƙo tana a gindin randa, da ɗaura totuwar kara a jikin zare don in ga lokacin da kifi ya taɓa.

Ƙungiyar ta samo asali ne daga dawowar Kawu Sale, ƙanen babana, daga aikin soja. Cikin tsarabarsa akwai gwangwani cike da ƙugiyoyi da ƙullin zare mai ƙarfi wanda ba mu taɓa ganin irinsa ba, ya zube mini su duka, ya ƙara mini da tsohuwar hularsa ta soja. A makaranta mun ga yadda malamin wasanni ke tsara 'yan ƙwallo, da kyaftin da dokoki da alƙalin wasa, sai muka ce mu ma haka za mu yi. Muka tara yaran unguwarmu da na unguwar masunta a gindin tsamiyar makaranta, muka sa wa kanmu suna Ƙungiyar 'Yan Fatsa. Aka ba ni shugabanci saboda ƙugiyoyin daga gidanmu suka fito, aka ba Bukar mataimaki saboda shi ya san kan abin. Muka yanke cewa duk Asabar za a yi gasa daga hantsi zuwa kiran azahar, wanda kifinsa ya fi girma shi zai sa hular soja har mako ya zagayo, wanda kuma ya ci gasar ƙarshe kafin tafki ya ƙafe, hula ta zama tasa har abada.

Amma ba a taɓa tafki sai da izinin Sarkin Ruwa, domin shi ke rufe tafkuna bayan janyewar ruwa, shi kuma ke buɗe su ranar kamun kifi na gayya. Muka wanke ƙafafunmu muka je muka durƙusa a zaurensa. Ni na yi bayani, ina ta maimaita ranka ya daɗe. Tsohon ya saurare mu yana gyaran komarsa ta kamun kifi, bai yi dariya ba ko kaɗan, abin da har yau nake gode masa a kai. Ya ba mu Tafkin Marke, ƙarami ne a gefen gonakin shinkafa, amma da sharuɗɗa: ba raga, ba shiga ruwa ya wuce gwiwa, duk kifin da bai kai tafin hannu ba a mayar da shi, kuma ranar da ya ji an yi faɗa, ranar ƙungiya ta mutu.

To ga shi a Asabar ta uku mun yi faɗa, shugaba da mataimakinsa. Kafin la'asar labari ya kai masa. Ya aiko aka kira mu, ya ce zai yi mana afuwa sau ɗaya tak, amma kada ƙugiya ta sake taɓa ruwan nan sai mun samo babban mutum da zai riƙa yi mana alƙalanci, wanda kowane ɓangare ya yarda da shi. Nan fa aka yi cirko-cirko. Duk wanda muka ambata, sai a ce kawun wane ne, ko maƙwabcin su wane. Kawu Sale ya koma bariki. Malamin wasanni ya ce shi ranar Asabar Haɗeja yake tafiya. Mako biyu sandunanmu suna jingine a bayan rumbu, muna korar tsuntsaye da kiwon awaki ba walwala, idan na haɗu da Bukar a hanyar rijiya kowa ya kau da kai.

Ƙanwar Bukar ce, wata 'yar ƙarama mai suna Yagana da ke riƙe mana gwangwanin tana, ta kawo sunan kakata. Dada muke kiranta, mahaifiyar babana, mai sayar da fura da nono a gindin ɗorawar kasuwa. Duk garin an san abu biyu game da ita: ba ta taɓa tauye mudu ko ludayi ba, kuma ba ta ƙaunar kifi ko a mafarki. Idan an dafa shi a gidanmu, tukunya daban, murhu daban, ita kuma ta ɗauki tabarmarta ta koma bayan ɗaki. Yagana ta ce wadda ba ta son kowane kifi ai ba za ta fifita wani a kan wani ba. Yaran masunta suka yarda nan take. Ni ma na yarda, amma a raina murna nake yi, ina ganin alƙali ya fito daga ɗakinmu.

Da na je mata da maganar tana dama fura, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maigidana, duk matan garin nan ka rasa wadda za ka kai wa ƙarni sai ni?" Haka take tsokanata kullum, irin wasan kaka da jika. Na yi ta magiya, na yi alkawarin ɗebo mata ruwa da wanke mata ƙore har damina. Sai ta tambaye ni a kan me muka yi faɗan, na gaya mata batun tsawo da kauri. Ta ɗauki curin fura ta jefa cikin ƙwaryar nono, ta nuna mini yadda nonon ya taso. Ta jefa ƙarami, ya taso kaɗan. Ta ce in je in gaya wa abokaina su nemo mata turmin da za ta zauna a kai.

Asabar da ta biyo baya Dada ta iso bakin tafki da wani tsohon masaki mai ɗinki a gefe da ludayin da ta daina amfani da shi, ta ɗaure hancinta da gefen mayafi, ta zauna a kan kifaffen turmi a inuwar marke. Da aka kira azahar kowa ya kawo kifinsa mafi girma. Ga yadda take yi: a cika masaki da ruwa har baki, mai kifi ya nutsa kifinsa a hankali bayan ya daina motsi, ruwa ya zube, ya cire shi, sannan ita ta riƙa mayar da ruwa da ludayi tana ƙirgawa har masaki ya sake cika. Wanda kifinsa ya ci ludayi mafi yawa shi ya yi nasara. Ba ta taɓa kifi da hannunta ko sau ɗaya, kuma da Fulatanci take ƙirgawa, go'o, ɗiɗi, tati, nayi, har yaran masunta suka haddace suna amsa mata baki ɗaya kamar masu karatu. Daga ranar gardama ta ƙare. Hula ta riƙa yawo daga kai zuwa kai, wanda ya ci ya sa ta har wurin kiwo, wani ma da ita yake kwana. Manya suka fara tsayawa kallo idan sun taso daga gona, yaran ƙauyen da ke tsallaken fadama suka roƙi a sa su, muka karɓe su bayan sun yi alkawarin bin dokokin Sarkin Ruwa.

Gasar ƙarshe ta zo da zafi ya fara, ruwan tafki ya ja har saiwoyin marke sun fito. Ranar na sa ɗan ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya maimakon tana, yadda na taɓa ganin mahaifin Bukar yana yi. Can wajen rana tsaka totuwata ta nutse gaba ɗaya, sandar ta lanƙwashe, na ja, aka ja ni. Da ƙyar na fito da shi: ɗan giwan ruwa ne, fari sol yana ƙyalli, irin wanda ba a taɓa kamawa a ƙungiyarmu ba. Yara suka watsar da sandunansu suka zo kallo. Bukar kaɗai bai taso ba, ashe shi ma yana can yana fama da wata tarwaɗa baƙa mai kai kamar ƙoƙo. Da muka jera su a kan ciyawa, ido ba zai iya raba su ba. Na matsa kusa da Dada kamar zan gyara mata tabarma, na raɗa mata cewa hular nan fa ta ɗanta ce, bai kamata ta bar gida ba. Ko kallona ba ta yi ba.

Aka fara da nawa, ya ci ludayi goma sha ɗaya cif. Aka nutsa na Bukar, ta ƙirga goma sha ɗaya, masaki bai cika ba. Ta ɗebo wani, ta tsiyaya a hankali, wurin ya yi tsit har ana jin kukan kurciya, sai da ya kai rabi sannan ruwa ya taɓa baki. Ta ɗaga ludayin ta nuna wa kowa ragowar, ta ce a ba Bukar ɗan Ya Fanna hularsa. Ni shugaba, ni na ɗora masa ita da hannuna, idona cike da ƙwalla, yaran unguwarsu suka ɗauke shi a kafaɗa suka yi cikin gari da shi.

Na yi fushi da Dada fushi na gaske. Da yamma ta miƙo mini fura na ce na ƙoshi, washegari na ɗebo mata ruwa na ajiye ban gaishe ta ba. Ta ci gaba da damun furarta. Da azahar sai ga Yagana da akushi a rufe da faifai, wai in ji mahaifiyarsu a kawo wa alƙali, a gode mata. Aka buɗe, tarwaɗar nan ce, an yi farfesunta da daddawa da barkono. Mayar da kyauta abin kunya ne, ci kuma ba za ta iya ba. Ta sa albarka, ta sallami yarinyar da ƙwaryar nono, sannan ta toshe hanci ta ƙwala mini kira. Na zo ina cin magani. Ta tura mini akushin da ƙafa ta ce, "Zauna ka rama. Ta cinye ka a bakin tafki, kai kuma ka cinye ta a akushi." Na so in daure, dariya ta ƙwace mini. Ina cikin ci sai ga Bukar ya leƙo da hula har kunne, ya zo jin ko alƙali ta ji daɗin miya. Dada ta ce ya wanke hannu ya taya ta ci, tunda ga wakilinta nan ya fara. Muka cinye tas, har muka yi gardama a kan wanda zai ci kan kifin.

Shekara uku ƙungiyar ta yi kafin fari ya zo, mu kuma makarantar gaba ta raba mu. Yanzu idan na je gida nakan taka har wurin. Tun da aka gina madatsun ruwa a saman kogin, ambaliya ba ta zuwa yadda muka san ta. Wani gefen tafkin ya zama gona, wani gefen ciyawar kacalla ta cinye shi, ba inda yaro zai jefa ƙugiya. Jikokina sun san sunayen 'yan ƙwallon ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba, amma ba su iya bambanta karfasa da gargaza ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin ba su tarar da ruwan ba. Bukar yana nan a kasuwar kifi ta Haɗeja, gemu ya yi fari, mafi yawan abin da yake sayarwa daga nesa ake kawo masa. Idan na zauna a rumfarsa mukan lissafa yaran nan ashirin ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage ba su cika hannu biyu ba. Ashe lokacin muna da komai, ba mu dai sani ba ne.